Ranar da Aka Ƙirga Shanun Baffa

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Wannan littafin shirya darasi ne na 'yan aji biyu, amma tunda muna hutu, kuma hedimasta bai taɓa buɗe shi ba, bari in mora. Ba ni da wanda zan gaya wa. In na taɓa wa Zailani zancen sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Raihana," kamar haƙuri ruwa ne da za a ɗura wa saniya. Miji ne na kirki, ban ce ba, amma Bahaushe ne ɗan Kwanar Dangora, shi nono a ƙwarya ya san shi.

Yau na je ruga wurin iyayena, Baffa da Inna. Layin dogon da ake ginawa ya iso gabansu. Tudun jar ƙasa ne wanda ya fi soro tsayi, ya taso daga kudu ya miƙe arewa, ya raba rugar da fadama. Ruwa yana ƙetare, ciyawa tana ƙetare, burtalin da shanunmu ke bi tun zamanin kakan Baffa kuma an binne shi. Giɓi ɗaya ya rage, inda tifofi ke wucewa, ta nan ƙanena Surajo ke kora garke safe da yamma. An ce da an gama aiki za a cike shi, a ja waya hagu da dama.

Rugagen da ke gaba da mu an gina musu mashiga ta ƙarƙashin layin. Na gan ta da idona, mota ma tana shigewa. Mu ba a yi mana ba. Mafi kusa kilomita bakwai ce daga ruga, kuma duk gonakin mutane ne a tsakani. In aka rufe giɓin nan, zaman su Baffa a wurin ya ƙare, sai ƙaura.

Inna ta tambaye ni me ya sa aka tsallake mu. Na ce ban sani ba, na ɗauki ludayi na hau dama furar da aka riga aka dama.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan magariba

Zailani ya dawo jiki duk jar ƙasa, baki har kunne. Wata uku ke nan yana aikin kafa waya a kamfanin layin. Wai yau an nuna musu inda za a yi tasha, nan bayan gari. Wai kafin shinkafa ta dahu mutum ya isa Kano, in ya sauka kuma ya hau wani jirgin na cikin birni ya kai shi duk unguwar da yake so. Har ya zaɓi inda zai kafa teburin shayi, ya ce fasinjan asuba nasa ne. Na ce to Alhaji mai tasha, a jirgin naku akwai taragon da zai kai shanu mashaya? Ya yi dariya. Da ya ga ni ban yi ba sai ya ɗauki bokiti.

Cikin nan ya motsa sosai yau. Wata shida. Shekara tara ina jiran sa, kuma tun da ya zauna Inna ta gyara bukkar da zan yi jego a ciki, tunda haihuwar fari a gida ake yin ta. Itacen wankan da ta tara har ya fi ni tsayi.

Alhamis, 10 ga Afrilu, azahar

Na je ofishinsu, kwantena uku ne a bakin titi. Tun hantsi nake kan benci kafin a shigar da ni wurin wani Injiniya Munir, mai sauraren koken jama'a. Mutum ne mai ladabi, da ya ga cikina ya miƙe ya ba ni kujerarsa. A bangonsa akwai taswira. Jan layi ya taho daga kudu ya shige Kano, can cikin birni kuma layuka sun rarrabu, kore da shuɗi, kowanne da ɗigon tashoshinsa. Na nemi rugarmu ban gan ta ba, farar takarda ce kawai a wurin.

Ya ce ƙa'idar aikinsu ita ce duk inda shanu sama da ɗari ke ƙetarewa sai an yi mashiga. Ya jawo fayil, ya zaro takardar da aka cike a rugarmu shekara biyu da suka wuce, ya karanta: gida biyar, shanu goma sha biyu. Ya ɗago ya ce wa ya cike wannan? Na ce wata malama ce. Ya dubi takardar, ya dubi rubutun da na yi a littafin baƙi, bai ce komai ba. Allah ya saka masa da alheri kan wannan shirun.

Ya ce in muna so zai zo ya ƙirga da kansa ya rubuta rahoto sama. Amma fa sai an fito da su duka.

Juma'a, 11 ga Afrilu, hantsi

Ban iya cin komai ba. Koko ma ya ƙi zama.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan azahar

To, bari in rubuta in huta.

Shekara biyu da suka wuce, ana jibi masu awon layin dogo za su zo, labari ya iso ruga cewa gwamnati na ƙirga shanu. Kawu Ukasha, yayan Inna, ya ce ai jangali ne za a dawo da shi, haka aka yi wa iyayensu, a ƙirga yau a zo karɓa gobe. Da asubar ranar aka kora garkunan gida biyar cikin kwazazzabo, aka bar tsofaffin shanu da na tatsa a turke. Ni aka aika a kira daga makaranta, tunda ni ce mai boko a rugar.

Na karanta takardar. Na gane ta sarai, ba ni da wani uzuri. Na ce wa Surajo ya gaya wa Baffa ba haraji ba ne, hanyar ƙetarewa za a yi wa dabbobi. Sai ta bakin Surajo, don ni 'yar fari ce. Baffa ba ya kiran sunana, ba ya kallon fuskata, magana tsakaninmu sai an sa wani a tsakiya ko da muna kan tabarma ɗaya. Baffa ya amsa wa Surajo cewa haka ake faɗa kullum. Ya ce kuma tun da aka haife shi bai taɓa jin mutumin kirki ya faɗi adadin shanunsa ba, ƙirga tana cinye dabba. Da mai awon ya matsa, Baffa ya nuna turke da sanda ya ce, "Ga su nan, abin da Allah ya bari."

Maza sun fi goma a zaune. In buɗe baki in ce mahaifina ba gaskiya ya faɗa ba? Na ƙirga na turken na rubuta, na sa hannu. Wallahi har daɗi na ji a ranar, na ga na yi biyayya. Inna ta ba ni man shanu na tafi da shi gida.

Litinin, 14 ga Afrilu, magariba

Surajo ya gwada bin mashigar can da garke, ya ga ko za ta yiwu. Ya fita da asuba, bai kai fadama ba sai da rana ta take, ya dawo da su cikinsu a lafe kamar ba su ga ruwa ba. Yanzu ma ke nan da gonaki suke fili. Ya ce da damina ko akuya ba za ta bi wurin ba sai an yi shari'a.

Laraba, 16 ga Afrilu, la'asar

Kwana uku ina zarya. Ni in gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baffa, Baffa ya yi shiru, Inna ta dawo ta ce ya ji. Kawu Ukasha kuwa cewa ya yi gara ya kora nasa Doguwa da ya tsaya wani ɗan birni yana nuna masa shanu da yatsa. Na ce Kawu, ai ɓoyon da aka yi ne ya kawo mu nan. Ya ce ke 'yar boko, wa ya riƙe biron? Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa.

Yau Baffa ya tara masu gida huɗun. Ina bayan bukka na ji shi. Ya ce shi ya nuna turke, shi zai fara fito da garke, kuma yana roƙon kowa ya fito da nasa, in wani abu ya samu dabbar wani to a wuyansa. Ban taɓa jin Baffa ya roƙi mutum ba, ko gishiri. Suka amince. An sa ranar Asabar.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

An ƙirga.

Tun da hantsi aka tsayar da garkunan a bakin giɓi. Injiniya ya hau bayan motarsa da wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas a hannu, Surajo da su Kawu na sako shanun bibbiyu. Duk wadda ta wuce sai ya danna, bakinsa na motsi. Matan ruga sun toshe baki da mayafi, Inna tana ta karanta abin da ta sani. Baffa ya tafi gindin ɗorawa ya zauna ya ba su baya, sanda a kan gwiwa, bai waiwayo ba har aka gama. Amma na lura duk sa'ad da tasa ta wuce sai kafaɗarsa ta motsa, da kuka yake gane su. Ya san kowacce da uwarta da kakarta, adadi ne kawai bai taɓa sani ba.

Sun haura ɗari nesa ba kusa ba. Ba zan rubuta adadin a nan ba, ni ma 'yar gidan ce.

Da zai tafi, Injiniya ya kira ni gefen mota ya faɗa mini wata magana. Ba yau ba. Ƙafafuna sun kumbura.

Lahadi, 20 ga Afrilu, hantsi

Cewa Injiniya ya yi, "Malama, kada in yaudare ki. Jiya na yi waya da manyana. Zanen wurin nan tun bara aka rufe shi, ƙasar an danne ta, ba za a fasa tudu ba ko shanu dubu ne. Na zo ne don na yi alkawari." Ya ce rahoton zai rubuta, za a sa a fayil. Ya ce in gaya musu da wuri, su san abin yi.

Na juyo, Inna na tsaye da ƙwaryar nonon da ta kawo masa ta godiya. Can kuma Baffa ya miƙe yana kaɗe riga a gaban mutanen da ya roƙa. Inna ta ce me ya ce? Na ce ya ce za a duba, amsa na nan zuwa. Kafin in yi tunani maganar ta riga ta fita, ita kuma ta ɗauka ta kai gindin ɗorawa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan asuba

Gobe zan gaya musu.

Laraba, 23 ga Afrilu, magariba

Ban je ba. Rana ta yi zafi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Kawu Ukasha ya gaji da jira. Gobe gida huɗu za su tashi zuwa Doguwa, ta Burumburum. Kuma lissafinsa daidai ne. Yanzu gonaki fili ne, ko'ina hanya ce, ga sauran kara a ƙasa. Da ruwa ya sauka aka yi shuka sai dai a bi bakin kwalta ɗaya bayan ɗaya ana rigima da masu gona. Tafiyar jama'a kuma ta fi tsaro. Ya ce Baffa ya biyo su, in an yi mashigar ai ba guduwa za ta yi ba, sa dawo.

Inna ta ja ni cikin bukkar jegon. Ta ce, "Babanki ya ce a tambaye ki, ke kika ji bakin mutumin. A bi su ko a jira?"

Ga sabon gadon kara, ga tukunyar wanka an kafa mata murhu, ga itace ta ƙofa. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce a jira.

Ina so in rubuta cewa don mutuncin Baffa na faɗa, kada a ce ya sa an tozarta shanun mutane a banza. Akwai wannan ɗin. Amma ba shi ne babba ba. Don kaina na faɗa. Ina tsoron haihuwar nan, ina son uwata kusa da ni. Na ce a raina wata uku ne kacal, aikin kamfani ai ba ya sauri, wataƙila giɓin ya kai mu bayan suna, sannan in san yadda zan yi.

Asabar, 26 ga Afrilu, azahar

Sun tafi. Ruga ta koma gida ɗaya. Zakaran Inna yana cara babu mai amsa masa.

Alhamis, 1 ga Mayu, la'asar

Na koma ofis ko Allah zai sa an sauya shawara. An ce Injiniya Munir an mayar da shi sashen gaba, wajen birni, inda ake fitar da filin wata tasha. Wanda na tarar a kujerarsa bai ɗago kai ba, ya ce in rubuta koke in saka a akwati. Akwatin ya cika har takardu na leƙowa. Taswirar tana nan, an ƙara mata wani layi rawaya.

A hanyar dawowa na biyo ta kasuwa. Kowa zancen tasha yake. Masu tumatir na cewa sun huta da lalacewar kaya a mota, direbobi na cewa an zo a kashe musu sana'a, wani dillali na rantsuwa fulotan bayan gari sun zama zinariya. Ba na ƙin jirgin nan, Allah ya sani. Ni ma zan so in je asibitin birni ban karya ƙugu a bayan babur ba. Kawai dai kowa ya samu abin da zai ce ya ƙaru ko ya rasa a fili, ni nawa a ciki yake.

Talata, 6 ga Mayu, bayan tashi daga makaranta

Ana dubawa. Ana dubawa. Na faɗa wa Surajo, na faɗa wa Inna, yau har hedimasta ya tambaye ni rajistar aji na ce masa ana dubawa.

Inna ta ce kullum da hantsi Baffa yana zuwa bakin giɓi yana auna wurin da sanda. Wai yana so in sun zo ya nuna musu inda ruwa ke kwanciya da damina, kada su gina mashigar a kwari ta cika da laka. Ta kuma raɗa mini cewa ya riga ya zaɓa wa abin da zan haifa dabbarsa. Woɗeye, jar saniyar da ya fi ji da ita, tana da ciki, ya ce ɗan da za ta haifa na jikansa ne. Bai faɗa wa kowa ba sai ita. Ni Raihana, ina zan sa kaina?

Juma'a, 9 ga Mayu, la'asar

Na shirya zan je. Na ɗaura mayafi, na zauna a bakin gado, har aka kira sallar Juma'a.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan asuba

Ruwa ya sauka jiya da yamma, mai yawa. Kowa a garin nan murna yake, tun gari bai gama wayewa ba masu sungumi suka fita. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana mini barka da ruwa. Na ce barka kadai, ƙirjina kuwa kamar an aiko mini da sammaci.

Alhamis, 15 ga Mayu, magariba

Ruwan ya sa giɓin ya yi santsi, ga shi an fara zuba masa ƙasa ya yi tudu. Woɗeye ta zame da cikinta, ta karye a ƙugu. Sai yanka. Surajo ya ce Baffa da kansa ya riƙe kanta, ya ƙi cin naman, ya ce a rabar a ƙauye.

Inna ta ce ai dama tun ranar da aka nuna su da yatsa take jiran wannan. Na ce Inna, laka ce, ba yatsa ba. Ta ce to wa ya tsayar da su a lakar? Da kamfani take, ba da ni ba, na sani. Na tashi na ce zan zagaya, na daɗe a bayan ruga.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan magariba

Mun yi faɗa da Zailani.

An gaya musu ranar Alhamis za a cike giɓin, su kuma su ja waya. Ya shigo da saurinsa ya ce gobe in je in tambayi zancen mashiga, lokaci ya ƙure, ko ya raka ni. Na ce babu amfanin zuwa. Ya dube ni, ya sake dubana, ya zauna. Ya ce tun yaushe na san ba za a yi ba? Na faɗa masa.

Shekara tara ban taɓa jin muryarsa ta canza haka ba. Ya ce, "Wata guda, Raihana? Kin bar tsoho yana auna fili da sanda?" Na ce kai fa, ba da hannunka za ka ja wayar ba? Ya ce shi aiki aka sa shi, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Na gaya masa maganganu, har da teburin shayinsa, har da cewa Bahaushe bai san zafin saniya ba. Bakina in ya buɗe ba ya jin kira, kowa ya sani. Bai rama ba. Ya ce gobe in ban je ba shi zai je, amma ya fi kyau su ji daga bakina. Ya ɗauki tabarma ya fita tsakar gida.

Litinin, 19 ga Mayu, la'asar

Na je. Ban bi ta Inna ba, ban bi ta Surajo ba. Na durƙusa a gabansa da ƙyar saboda cikin, na ce Baffa, ba za a yi mashiga ba, ranar Alhamis za a rufe. Rabon da in yi masa magana kai tsaye tun ban fara ɗaura zani ba.

Yana tufkar dangwali, igiyar ɗaure maruƙa, bai daina ba. Ya tambayi Inna yaushe aka faɗa. Inna ta dube ni. Na ce ranar ƙirga.

Hannunsa ya tsaya. Na so ya ɗaga sanda, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa Inna, "Ƙaryar farko tawa ce, ni na sa ta. Wannan tata ce." Ya miƙe ya kira Surajo, ya ce a fara kwance bukkoki, jibi da asuba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce Zailani ya samo a-kori-kura a kwashe itacen kada ya lalace a banza. Ta ce uwar mijina ai ta iya wankan jego, mace ce mai hankali, in bi ta sannu. Tana faɗa tana naɗe tabarma, ba ta dube ni ba. Na ce ta zauna wurina har in haihu, ta bi su daga baya a mota. Ta ce da Kawu suka bi, da akwai matan da za su dafa su tatsa. Yanzu wa zai yi musu?

Laraba, 21 ga Mayu, hantsi

Sun wuce. Na hau kan tudun, inda za a shimfiɗa ƙarfe, na tsaya. Surajo a gaba yana kira, Baffa a baya, Inna a tsakiya da jaki da ƙorenta. Mutum uku da garke guda, a hanyar da gida biyar ya kamata su bi tare. Can ƙetare duk inda ido ya kai shuka ta fito, layi-layi, babu inda saniya za ta sa ƙafa sai bakin kwalta. Da sun bi Kawu, da yanzu sun yi mako uku da sauka.

Inna ta ɗaga mini hannu. Baffa bai ɗago kai ba, amma dama ba ya ɗagowa, don haka ban san ko fushi ne ko al'ada ba. Wani mai hular kwano ya zo ya ce in sauka, an hana hawa wurin.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

An rufe. Zailani ya dawo ya wanke hannu ya zauna. Na zuba masa tuwo.

Asabar, 24 ga Mayu, azahar

Surajo ya kira. Ba su kai Tudun Wada ba tukuna. Shanu sun faɗa wata gona, sun wuni a ƙofar mai gari ana sasantawa, sai da aka bar karsana kafin a sake su. Ƙafar Inna ta kumbura. Ina cikin tambayar wace ƙafar waya ta katse.

Lahadi, 25 ga Mayu, la'asar

Waya ba ta shiga.

Litinin, 26 ga Mayu, magariba

Ba ta shiga. An kawo itacen an jibge a ƙofar gida, uwar mijina ta zo ta gani tana ta yabon Inna da iya zaɓen ice. Na koyar da 'yan aji biyu ƙirga daga ɗaya zuwa hamsin, suna ta maimaitawa da ƙarfi, na fita na tsaya a baranda har suka gaji.

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Surajo ya kira daga Burumburum, ya samu caji a wani shago. Muryarsa ta dishe. Suna raye duka ukun, alhamdu lillahi. Ya ce tafiyar bakin kwalta ta cinye maruƙa, babu ciyawa, babu wurin sauka, duk inda suka tsaya sai a ce su yi gaba. Shekaranjiya tirela ta firgita garke, wasu sun fantsama ba a gan su ba har yanzu. Saura kwana uku ko huɗu su kai wurin Kawu, in an bar su sun wuce.

Na ce nawa suka faɗi, nawa suka ɓata? Ina jin kukan shanun a bayansa, ina jin muryar Baffa yana kiran wata da sunanta. Na ce Surajo, ni ma ina da shanu a garken nan, tun daga wadda aka ba ni ranar sunana. Nawa?

Ya ce, "Adda, ki yi mini afuwa. Baffa ya ce a gaya miki muna lafiya, Allah ya sauke ki lafiya. Amma ya ce zancen shanu kada a ƙara yi da ke."

Na ce to. Na ce ya gaida Inna, ta riƙa jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi. Ya kashe, ni kuma na bar wayar a kunnena.